Durƙuson Aƙilu a Indiya

Jirgin ruwa Aƙilu ya je dubawa a Garou ranar da ya fara ganin Sakinatu. Ƙungiyarsu ta manoman shinkafa a Malanville ce ta ba Baba Salifu masassaƙi gyaransa. Suna cikin magana sai ga 'yar tsohon ta sauko daga keke da kwanon tuwo, ta dubi baƙo ta ce, "Fofo, sannu da rana."

Shi ke nan. Mutumin da aka aika duba jirgi ya koma gida bai san ko jirgin na yoyo ba.

Daga ranar kullum jirgin nan ba ya da lafiya. Da zuwan ya yi yawa, Baba Salifu ya ajiye gizago ya ce, "Yaro, jirgin ga lahiya lau shike. In wani abu kaka biɗa, turo magabatanka."

Magabata suka zo, aka karɓi goro, aka sa rana bayan girbi. Kowa ya yi murna ban da Hambali mai albasa, wanda ya daɗe yana zarya a ƙofar gidan ba a ko ba shi tabarma ba.

Ana haka ƙungiya ta sa sunan Aƙilu cikin masu zuwa kudancin Indiya koyon noman rani. Yana sauka saƙon Sakinatu ya shigo:

"Manomina, in ka ga 'yan matan fim masu rawa cikin ruwan sama, ka tuna akwai mai jiranka bakin gulbi."

Ya mayar mata: "Hasken idona, nan ba rawa. Taɓo da sauro na, awa na gida. Ke ɗai nika gani."

Wata ranar hutu malaminsu ya kai su ƙauyensu, ya ce zai nuna musu tsohon ɗakin bautar Hindu da kakanninsa suka gada. Aƙilu ya ce a ransa kallo ai ba ibada ba ne. Ya tuɓe takalmi a ƙofa kamar kowa.

Yana shiga ya ɗaga kai.

Dutse ne sama da ƙasa, babu itace, babu ƙusa. Ginshiƙai sun jeru har inda ido ya gaza, kuma babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. A jikin wani giwaye ne a jere, a jikin wani mace tana taje gashi, ana iya ƙirga silin gashin. Can sama wata sarƙa tana lilo, ita ma dutse, zobe cikin zobe, ba mahaɗi. Tsakiyar dakalin ƙofa ta lotsa kamar tsohon turmi saboda sawun mutanen da suka riga shi, waɗanda ko sunansu ba wanda ya sani. Fitilun mai na ci, wani ya kaɗa ƙararrawa, ƙarar ta zagaya ta shige masa ƙirji. Tsigar jikinsa ta tashi. Bai san lokacin da hawaye suka zubo masa ba, ya ji dai bakinsa na faɗin "Subhanallahi."

A bakin ɗaki na can ciki wani tsoho ne zaune, mai kula da wurin, fari fat da furfura, ya girmi kakan Aƙilu. Ya yi murmushi ya ɗaga hannu.

To, ƙafar da aka horar tun tana rarrafe ba ta neman shawara. Ɗan gidan mutunci ba ya gaida dattijo a tsaye. Aƙilu ya zube ya durƙusa, kai a sunkuye, ya ce, "Ina wuni, Baba?"

Abokin tafiyarsa ya ɗauki hoto ya jefa a zauren WhatsApp na ƙungiya. Ba wanda ya lura cewa bayan tsohon, daidai saitin goshin Aƙilu, gunki ne baƙi wuluk an rataya masa furanni.

Da hoton ya yi yawo ya iso wayar Hambali, shi kam ya lura. Bai ƙara gishiri ba, don miyar ba ta buƙata. Ya hau babur har Garou, ya miƙa wa Baba Salifu waya ya koma gefe.

Saƙon Sakinatu ya iso wa Aƙilu yana tsakiyar gona:

"Baba ya ce a maida goro. Ya ce ba shi ba da ɗiyatai ga wanda ya duƙa ma gunki. Ni na san ka, Manomina, amma kuka nikai. Ka taho."

Yana dawowa bai tsaya gida ba sai bakin kogi. Ya tarar da tsohon yana fafe wani gungume. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya rantse tsoho ya gaida, ba dutse ba.

Baba Salifu bai ɗago ba. "Na ji. Gobe bayan azahar ka tashi gaban jama'a ka ce wurin banza na, ba ka ga komi ba sai ƙazanta. Sai in ba ka ita."

Abu mai sauƙi. Aƙilu ya hango Sakinatu laɓe bayan wani jirgi, idanunta sun yi ja. Zuciyarsa ta ce masa ya ce to. Ya buɗe baki, sai sarƙar nan ta dutse ta faɗo masa a rai.

"Baba, in ce ba addinina na ba, wanga ina hwaɗi ko bisa hasumiya. Amma in ce banza ta, ƙarya ta. Ban taɓa ganin aikin hannu irinai ba. Kuka niy yi. Na ce, in hannun ɗan Adam ya yi wanga, ina ga Wanda ya halicci hannun?"

Sakinatu ta dafe kai. Tsohon ya daina sara.

"Aikin hannu?" ya ce. "Mu gani."

Aƙilu ya buɗo hotunan wurin a wayarsa ya miƙa masa. Baba Salifu ya goge tafinsa a riga, ya wuce giwaye, ya wuce mai taje gashi. Da ya kai kan sarƙar sai ya tsaya. Ya kusanto da ita, ya nisanta.

"Ina mahaɗin?"

"Babu, Baba. Dutse guda na."

"Icce ma in ka kuskure sara guda ya tsage." Muryarsa ta yi ƙasa. "Shi ko dutse... Allahu Akbar."

Ya daɗe a haka, gizago kwance a ƙafarsa, har tuwon da aka kawo masa ya huce. Sannan ya dubi Aƙilu.

"Da ka ce banza ta, da na ba ka ita, kuma da ban ƙara yarda da maganarka ba har in mutu. Sakina, hito nan, na gane ki tun ɗazu. Tahi ki ce ma innarki ta bar goron nan inda shike."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Garou. Jirage suka yi ta sauke mutane, har Hambali ya zo ya ci shinkafa ya siɗe hannu. Da aka shafa fatiha, Baba Salifu ya riƙo hannun angon a gaban jama'ar da ya so ya tsayar da shi gabansu.

"Na ba ka ɗiyata," ya ce. "Allah shi ba ku zama lahiya da zuri'a mai albarka. Ka hwaɗa mata gaskiya awa yadda kah hwaɗa min, ko da za ta kashe ka."

Jama'a suka amsa da amin, guɗa ta tashi daga cikin gida. Waya ta motsa a aljihun Aƙilu:

"Manomina, na ji guɗa. Wai da gaske na zama taka?"