Amaryar da Ba Ta Jin Ƙamshi

Miya ta kama a tukunya, ƙauri ya cika gidan Inna Fanta a Fagge, 'yarta Ni'ima kuwa tana dab da murhu tana tsince shinkafa abinta.

"Ke Ni'ima, ba kya jin ƙauri ne?"

Ta ɗago ta ga hayaƙi, sai hawaye. "Inna, tun zazzaɓin nan hancina bai ƙara jin komai ba. Ɓoyewa nake yi."

Inna ta zauna daɓas. Su Barebari ne, haɗa humra da turaren wuta gadonsu ne, kuma Ni'ima tun tana firamare ta ci alwashin sai ta buɗe shagon turare a Sabon Gari kafin ta shiga ɗakin miji.

Abin takaicin, a satin nan Ni'ima ta haɗa wa Hajiya Ikhlas, mahaifiyar saurayinta Abdulnasir, humra da ka kawai, ta zabga kayan haɗi fiye da kima. Hajiya ta shafa ta tafi biki, mata suka riƙa matsawa gefe. Da gaskiya ta fito, Hajiya ta kafe.

"Yarinyar da gas zai zuba ba ta sani ba zan ba amanar ɗana? A ajiye maganar sa rana sai ta warke."

Ni'ima ta bi asibiti, ta bi masu magani, babu abin da ba ta shaƙa ba. Shekara ta zagayo, shiru. Abdulnasir ya rame, in ya kira ba shi da ta cewa sai, "Pilis ki ƙara haƙuri, Hajiya ce. Ni dai ba na son kowa." Ita kuma kullum sai ta buɗe kwalba ta shinshina, ta rufe, ta yi kukanta. Baƙin ciki ya ci ta ƙwarai.

Adaeze, mai sayar musu da kwalabe a Sabon Gari, ita ta gaji da ganin haka.

"Ƙawata, hanci ya tafi, amma hannu yana nan. Amaren da ke sayen humrar Inna, wa yake musu lalle?"

Maganar ta yi mata ciwo, don ji ta yi kamar an ce ta binne burinta. Daga baya ta ɗauki lallen. Da fari zanen a karkace, sannu a hankali amare suka fara layi, har ƙanwar Abdulnasir ta zo, Hajiya ta biyo ta da niyyar kushe. Ta daɗe tana kallon Ni'ima a duƙe tana aiki.

"Ashe ba zama kika yi ba," in ji ta a hankali. "Ki gaya wa Innarki kawunnan Abdulnasir za su zo sa rana."

Haka rayuwa take: idan ƙaddara ta sauya hanya, mai haƙuri yakan sauya wa burinsa fasali, ba ya mutuwa a kan na farko.

Shagon turare dai ba a buɗe ba, hancin ma bai dawo ba. Ranar kai amarya Inna ta turare ɗakin da haɗin da ta fi ji da shi, kowa ya shigo sai ya yaba. Ni'ima ta kamo hannun angonta a ƙarƙashin mayafi.

"Faɗa min, yaya ƙamshin yake?"