Ruwan Zafi a Ramin Famfo

Kwana uku ana tafka ruwa a Handsworth, sai famfon da ke janye ruwa daga ɗakin ƙarƙashin gidanmu ya tsaya cak. Ruwa har ya fara lasar kwalayen littattafaina. Na zaci maiƙo ne ya toshe shi, na tafasa buta biyu na juye a raminsa. Sai da tururi ya taso na tuna ban yi bismilla ba. Da a gaban Inna ne da na sha faɗa, amma na ce a raina, nan ai Birmingham ce.

Da magariba, na kwantar da jaririyata ke nan, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne, ya rungume jakar kayan gyara a ƙirji. Na ɗauka mai gidan da muke haya ne ya turo shi, na shige gaba muka sauka.

Ƙafafuna suna facal-facal cikin ruwan, nasa kuwa shiru. Warin laka ya cika ɗakin. Ya tsuguna a bakin ramin, ko kallon famfon bai yi ba.

Na tambaye shi da Turanci ko zai gyaru.

"Umaima," ya ce da Hausa, muryarsa kamar daga cikin rijiya, "Turawa ba su sani ba, muna yi musu uzuri. Ke fa?"

Jakar ta motsa. Wani ɗan mitsitsin hannu ya leƙo, fatarsa duk ta saluɓe.

A sama, jaririyata ta tsandara ihu.