Kujerar Da Ba A Ba Da Izininta Ba

Sufeto bai gama shan shayinsa ba, jami'ar ofishin tallafa wa shaidu ta faɗo masa ko sallama babu. Anti kowa yake ce mata, kuma ba a saba ganinta a firgice ba.

Shaidarta ce za ta gudu. Wata dattijuwa ce mai ɗinki, ita kaɗai ta ga wanda ya daɓa wa maƙwabcinta mai kanti wuƙa. Gobe za ta tsaya gaban alƙali. In ta ƙi, mai kisan ya sha ke nan.

Suka tarar da ita a gidan da ofishin ya ɓoye ta, tana cusa kaya a jaka. An kira ta a waya da baƙuwar lamba.

"Inna, me ya ce miki?"

"Wai kujerar da na roƙa, gawata za a ɗora a kai."

Sufeto ya dubi Anti. Ta ce ƙa'idar aikinsu ce, kafin ranar shari'a sukan kai shaida kotu lokacin da babu kowa, ya ga inda zai tsaya, tsoro ya ragu. Jiya suka je. Da Inna ta ga akwatin shaida sai ta ce gwiwarta ba za ta ɗauki tsayuwa ba, a taimaka mata da kujera. Anti ta yi alkawarin neman izinin alƙali, amma har yanzu ba ta nema ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Ke nan akwai kunne na uku a ɗakin. Hankalin Sufeto ya tashi, don ya san saura ƙiris jakar nan ta cika.

Direban ofis da ya kai su jiya ya rantse bai motsa daga ƙofar kotu ba. Ƙarya ce, amma ba irin wadda ake nema ba: mai gadi ya ga fitarsa da motar ofis, ashe yaransa ya je ɗaukowa daga makaranta. Sufeto ya bar shi da gumi, ya yi gaba.

Saura masinjan kotu, wanda ya buɗe musu ɗakin. Dattijo ne tsaf-tsaf, irin wanda kafin alƙali ya yi tari ya kawo ruwa.

"Yallaɓai, buɗe ƙofa kawai na yi na tafi. Ban ji komai ba."

"To, sake buɗe mana."

Inna ta ƙi yarda a bar ta a mota, ta biyo su rungume da jakarta.

Ga kujera nan a gefen akwatin shaida, an goge ta tas, har da ɗan matashi a kai.

"Anti, jiya akwai wannan?"

"Babu."

"Wa yake da mabuɗi bayan kai, Baba?"

Masinja ya ce babu kowa. Ya fara cewa umarni aka ba shi ya kawo kujerar, Sufeto ya ce su je wurin alƙali yanzu a tambaya. Nan ya faɗi gaskiya.

Wanda ake tuhuma ɗan yayarsa ne. Jiya masinjan ya laɓe bayan ƙofar alƙali, ya kwashe abin da ya ji ya kai wa ƙanen yaron, shi kuma ya buga wayar. Wai tsoratarwa ce kawai.

"Kujerar fa?"

"Wallahi hannu ne ya saba, Yallaɓai. Na ji tsohuwa ta ce gwiwa, da safe ban san lokacin da na ɗauko ba."

Har tausayi ya so kama Sufeto, amma ya sa aka buga wa dattijon ankwa, ya tura a ɗauko ƙanen. Aka fita da masinja ta ƙofar baya, wadda ya saba buɗe wa shaidu.

Wani kurtu ya sunkuya zai ɗauke kujerar a matsayin hujja. Inna ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Ɗan nan, bar ta nan. Gobe ina da aiki a kanta."