Akwati Mai Baki Biyu

Rana na gab da faɗuwa a Kebbe Mannir ya gama ɗaure wayar ƙarshe. Sana'arsa ba da hayar kayan sauti a gidajen biki. A kasuwar Tambuwal ya tsinci wata tsohuwar wufa, babbar sifikar nan mai gurnani, wadda amfilifayar cikinta ta daɗe da ƙonewa. Mai ita bai ja ciniki ba. Abin da aka taya ya karɓa, ya bar wurin. Mannir ya gwada sifiku biyun da ke cikinta da ƙaramin batir, kowace ta motsa. Ya kwance su, ya ɗaura a sabon katako, ya haɗa da sabuwar amfilifaya. Tsohon akwatin kuwa, mai baki biyu a buɗe, matarsa Bashira ta zuba wa kajinta.

"Almuru ne, Baban Zulfa," in ji Bashira. "Ka bari sai gobe."

"Gwaji kawai nika yi."

Ya murɗa. Kwanon rufi ya yi rawa, ruwan randa ya girgiza. Kajin suka fito da gudu, ba su sake yarda da akwatin ba.

Ya kashe janareto, ana kiran salla, sai jifa ta farko ta sauka a kan rufin gidan.

Mannir mutum ne da ba ya rasa wanda zai zarga. Ya fara da maƙwabcinsa Lauwali, wanda ya sha ƙorafin ƙara. Washegari ya laɓe bayan katanga da tocila, ya hango Lauwali can yana alwala, duwatsu na ci gaba da sauka. Sai ya koma kan Bashira, wadda ba ta taɓa son sana'ar ba. Ya daina gaida Lauwali, ya rage magana da ita. Da yammacin Laraba aka tarar da dutse a kan gado, ɗakin kulle, mabuɗin na aljihunsa.

Sannan sifikun suka fara numfashi. Babu wuta, wayoyi a zare, amma fatarsu na shiga tana fita a hankali. Zulfa, 'yarsu tilo, ta zauna gabansu, ta daina ci, ta daina amsa sunanta.

Bashira ce ta aika garin Dogon Daji aka ɗauko Malam Mutawakkil. Ya iso da la'asar, ya zaga gidan, ya tsaya kan akwatin kajin ya daɗe. Mannir na kallonsa a kaikaice, yana raya cewa bakinsu ɗaya da mutumin Tambuwal. Malamin ya zauna ya fara karatu, bai ɗaga murya ba, har inuwa ta rufe tsakar gida. Sai Zulfa ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito, mai kauri, a ƙirji ake jin ta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Mi kika biɗa ga wagga yarinya, baiwar Allah?"

"Gidana nika biɗa. Wuri mai duhu, mai shiru. Ubanta ya cire min ƙofofi, ya sa su ihu. Uwarta kuma ta zuba min kaji."

"Akwatin naki ne. Sifikun kuwa abincin Mannir ne."

"In zauna gida ba ƙofa?"

Bashira ta tashi ta shiga madafa, ta fito da faifai biyu, ta kara a bakunan akwatin. Kamar da awo aka saƙa su.

"Na karɓa," in ji muryar. "A kai ni inda ba biki."

"Ke kaɗai ce?" in ji Malam.

Muryar ta yi 'yar dariya kawai. Zulfa ta yi atishawa, ta zube jikin uwarta, ta ce tana jin yunwa.

Da sassafe Mannir ya wanke akwatin, ya ɗaure faya-fayan, ya ɗora a babur har dajin hanyar Fakku. Ya ajiye gindin wata kuka, bai waiwaya ba. Da ya dawo ya tsaya ya gaida Lauwali.

Ya shiga ɗakin kaya, ya tarar da faifai ɗaya rufe da sifikar hagu, ɗaure da irin ƙullinsa. Ya dubi Bashira, ta girgiza kai. Ya dubi katangar Lauwali, ya sauke ido. A tsakar gida Zulfa na shan kunu tana dariya.

Ya sunkuya, ya yi bismilla, ya zare wayar hagu. Har yau da sifika ɗaya yake zuwa biki, kuma wanda ya tambaye shi, sai ya ce ɗayar ta ƙone.