Gidan da Barde Ya Ba Yayarsa

A ƙarshen zamanin sarkin da ake yi wa laƙabi da Mai Farin Gemu, cikin daminar da abokan gaba suka janye ƙawanyar da suka yi wa birni, Allah ya yi wa Barde rasuwa. Maroƙa sun ce a fagen fama ya faɗi. Gaskiyar ita ce kibiya ta same shi a cinya yana zagayen ganuwa, ciwon ya ci shi sannu a hankali a kan shimfiɗarsa. Birni ya tsira, amma kowa a gajiye yake. Rumbuna fayau, dawakai duk haƙarƙari, sarki kansa ba ya iya dogon zama a fada.

Barde ya bar mata da 'ya'ya maza biyu, ya kuma bar yayarsa, wadda duk gidan ke kira Goggo. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta yi aure Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gidan ƙaninta ta tsufa a nan. Ba a gama karɓar gaisuwa ba 'ya'yan suka shiga neman rawanin ubansu, kowa na bin fadawa da kyauta yana ɓata ɗan'uwansa. Sarki ya saurare su har ya ƙosa, sai ya naɗa wani jarumi daban. Gidan da suke ciki kuwa na sarauta ne, wanda aka naɗa shi ke shiga. Aka ce su kwashe kafin kaka.

Goggo ba ta ɗaga hankalinta ba, don ta san tana da wurin zuwa. Barde ya san shari'a ba ta ba 'yar'uwa gado inda akwai ɗa namiji. Saboda haka tun yana da ƙarfinsa ya kira Liman da Ma'aji, ya shaida musu cewa gidansa na bakin kasuwa, wanda masaƙa ke haya a ciki, ya ba Yaya kyauta har abada. Ta yi kuka, ta sa masa albarka.

Da lokacin biyan haya na farko bayan kyautar ya zo, babban 'yan hayar, wani tsohon masaƙi, ya kawo mata jakar wuri har ƙofar ɗakinta. Kunya ta kama ta. Ita da ke ci daga rumbun ƙaninta, yau ta miƙa hannu ta karɓi kuɗi a cikin gidansa kamar mai shirin raba gari da shi? Ta ce ya kai wa Barde yadda aka saba. Haka aka ci gaba. In rufi ya yi yoyo, Barde ake gaya wa. In ɗaki ya zama fanko, Barde ke sa sabon mutum. Barde kan yi mata tsiya cewa ga mai gida ba ta san launin ƙofarta ba, ita kuma ta ce abin Yaya da na ƙani ai duk ɗaya ne. Su biyun suna ganin wannan ladabi ne, kuma ladabin ne, sai dai babu wanda ya tambayi malamai.

Ranar rabon gado aka taru a zauren Alƙali. Tsoho ne, kuma tun da aka ɗage ƙawanya ba shi da aiki sai raba dukiyar matattu tsakanin masu rai da ba sa ga maciji da juna. Aka fitar da abin da ya hau kan mamaci, aka lissafa gonaki da dawakai. Da aka zo kan gidan bakin kasuwa, sai 'ya'yan, waɗanda suka daɗe ba sa gaisawa, bakinsu ya zo ɗaya: gidan ubansu ne.

Liman da Ma'aji suka ba da shaida, Alƙali ya karɓa. Sannan ya yi bayani a hankali, kamar wanda maganar ke yi wa nauyi, cewa kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Ya tambayi Goggo ko ta taɓa kwana a gidan, ko ta sa ɗan haya, ko ta fitar, ko ta gyara katanga. Duk ta ce a'a. Tsohon masaƙin ya yi gyaran murya ya ce shi dai ita ya fara kai wa haya, da ƙafarsa.

Alƙali ya ɗago kai. "Iya, ki yi tunani da kyau. Da ya kawo jakar, kin karɓa, sannan kika aika wa ƙaninki?"

Goggo ta gane ƙofar da ake buɗe mata. Masaƙin ba zai ƙaryata ta ba, Barde kuwa yana ƙasa. Amma ta tuna cewa ita ma ta kusa bin ƙanin nata, kuma a can za a sake yin wannan tambayar.

"Allah ya gafarta malam, hannuna bai taɓa jakar ba."

Alƙali ya yanke hukunci. Ya ce da wasiyya Barde ya bari, da an fitar mata daga sulusin dukiya, tunda ita ba magajiya ba ce. Amma kyauta ya yi, kyautar kuma ba a karɓa ba, ta koma cikin gado. Ya yi wa 'ya'yan nasiha su riƙe goggonsu. Babban ya ce gidan ƙaninsa ya fi fili, ƙaramin ya ce ai babban wa ke ɗaukar nauyi. Tana zaune tana jin ana tura ta kamar kayan da ba mai so. Abin ya yi mata zafi, amma ba ta da ƙarfin yin fushi.

Babban ya nemi a kori masaƙan nan take a sayar da gidan. A nan Alƙali ya taka masa burki, ya ce haya ba ta mutuwa da mutuwar mai gida. Wa'adin da Barde ya ɗaura da su yana nan har ya cika, magada haya kawai za su karɓa.

Da kaka ta yi, sabon Barde ya aiko a share masa gida. Tsohon masaƙin ya zo da jaki ya ɗauki kayan Goggo, ya ce a ɗakunan da ke hannunsa akwai ɗaya da yake ajiye zare a ciki, ya kwashe zaren don ta zauna. Ta ce ba za ta zauna a banza ba, za ta riƙa kaɗa masa auduga a bakin haya. Ya so ya ƙi.

"Bar ni in biya," in ji ta. "Na ga abin da kyauta ta yi mini."

Ran nan ta fara ganin gidan. Ƙofarsa ja ce, akwai rijiya a tsakar gida da inuwa mai kyau, ta tsaya ta daɗe tana kallo kafin ta sunkuya ta shiga ɗakinta.

Masu riƙe da tarihin gidan sun ce Goggo ta rasu kafin wa'adin hayar ya cika. 'Ya'yan suka sayar da gidan suka sayi dawakai don neman wata sarauta, babu wanda ya samu. Barde ya tsare ganuwar birni guda daga dubban mayaƙa, amma ɗaki ɗaya ya gagare shi tsare wa matar da ta goye shi. Ba abokan gaba suka karɓe ba. Kunyar da ke tsakaninsu ce, wadda har suka rabu ba wanda ya ga laifinta.