Rigar Ruwa a Gindin Buhu

Akwai wata yarinya da ake kira Na-Sani a gidansu. Bakinta ne ya jawo mata sunan. Duk abin da aka fara gaya mata, kafin a kai ƙarshe ta ce, "Na sani!"

Babanta mai gyaran rediyo ne. Yana da wani babur da ya girmi Na-Sani, wasu ma sun ce ya girmi titin unguwar. In an taka shi da safe, sai ya yi tari, ya yi shawara da zuciyarsa, sannan ya tashi.

Da hutu ya zo, Baba ya ce zai mayar wa Kaka rediyonta da ya gyara. Kaka ita kaɗai take zaune, a garin da sai an wuni ana tafiya kafin a isa. Tun da rediyon ya lalace ta aiko cewa ba ta da abokan hira sai kaji, su kuma ba su san labarin duniya ba.

Na-Sani ta nace sai an je da ita. Baba ya yarda, ya ba ta aikin shirya buhun kaya.

"Buɗe kunnenki," in ji shi. "Tufafi a ƙasa. Rediyo a tsakiya, don kada gargada ta jijjiga shi. Rigunan ruwa da babbar leda a sama, saboda..."

"Na sani, Baba!"

"Allah ya sa," in ji Mama daga kicin.

To, Na-Sani tana da sabuwar riga da aka goge mata. Ta dubi rigar, ta leƙa sama. Rana fayau, ko gajimare babu. Sai ta cusa rigunan ruwa da leda a gindin buhu, ta ɗora sauran kaya. Sabuwar riga ta hau can sama, inda babu abin da zai yamutsa ta.

Da safe Baba ya ɗaure buhun a bayan babur da igiyar roba, ƙulli kan ƙulli. Ya duba tayoyi, ya duba birki. Suka sa hular kwano, suka kama hanya.

Tafiya ta yi daɗi. Da rana suka tsaya shan mai. Mai sayar da man ya nuna gabas da haɓarsa.

"Malam, ka ga abin da ke jiranku a gaba?"

Baba ya ga hadari ya yi baƙi ƙirin. Ya waiwaya.

"Rigunan ruwa suna sama, ko?"

"Suna cikin buhu," in ji Na-Sani. Ba ta yi ƙarya ba. Amma gaskiyar ma ba ta faɗe ta duka ba.

Ba su yi nisa ba iska ta taso. Ɗigo na farko da ya bugi hular kwanonta sai da kunnenta ya yi ƙara. Sai ruwa ya tsuge. Wanda ya ba ni labarin nan ya ce har wani kwaɗo ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu a rage masa hanya.

Baba ya tsaya, ya buɗe bakin buhu, ya zura hannu. Ya jawo sabuwar riga. Ya dubi rigar, ya dubi 'yarsa.

"Wannan ce za ta tare mana ruwan?"

"Suna ƙasa, Baba," in ji ta, da 'yar ƙaramar murya.

Dole aka kwance igiya. Dole aka fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai ga leda, rediyon Kaka ya sha ruwa ya ƙoshi.

Suka tura babur zuwa rumfar wani mai facin taya. Mutumin ya matsa musu benci, ya dube su sama da ƙasa.

"Sannunku. Ta kogi kuka biyo?"

Baba bai yi faɗa ba. Ya cire batir, ya kwance bayan rediyon, ya tsiyaye ruwan. Na-Sani ta miƙa hannu.

"Mu kunna mu gani?"

"Kul! In aka kunna shi a jiƙe, ya mutu ke nan. Sai ya bushe sarai."

Wannan karon ba ta ce ta sani ba. Ta ɗauko sabuwar rigarta, ta matse, ta shiga goge rediyon da ita.

"Ka yi haƙuri, Baba. Ni na juya kayan."

"Na sani," in ji Baba.

Da ruwa ya ɗauke suka ci gaba a hankali, domin titi ya yi santsi. Suka isa wajen Kaka da yamma, kamar kajin da suka faɗa rijiya.

"Ina abokin hirata?" in ji Kaka, tun kafin a gama gaisuwa.

Na-Sani ta sunkuyar da kai, ta faɗi komai.

"Oho," in ji Kaka. "To, in bai tashi ba, ke za ki zauna ki riƙa karanta mini labarai safe da yamma. Da ma bakin bai rasa magana."

Washegari aka shanya rediyo a rana. Na-Sani ta zauna gadinsa da 'yar sanda, tana korar kaji. Da la'asar Baba ya mayar da batir, ya murɗa. Shiru. Ya sake murɗawa. Rediyo ya yi kaki, sai ga muryar wani mutum yana cewa an tafka ruwa jiya.

"Mun gode," in ji Baba.

Kaka ta rungume rediyon tukuna, sannan ta rungume jikarta.

Ranar komawa, Na-Sani ta zo da buhu, ta tsuguna gaban Baba.

"Sake gaya mini. Har ƙarshe."

"Abin da za ki fara nema in hanya ta ɓaci, shi ake sawa a sama."

Ta sa rigunan ruwa a bakin buhu. Har suka iso gida ko ɗigo bai sauko ba. Amma ta koyi abin da ya fi rigar ruwa amfani: in babba yana magana, a bari ya kai ƙarshe, sannan a yi yadda ya ce.