Kujerar Radek

Burodi na fita saya. Jajiberin Kirsimeti ne, kuma a Warsaw da wuri kantuna ke rufewa a wannan rana. Ƙarfe uku da rabi, amma gari ya soma duhu. Gidan kwanan ɗalibai ya watse, daga ni sai mai gadi.

Ina cikin layi Jimet ya turo mini hoto. Ga shi gaban teburi mai farin mayafi, sanye da shuɗiyar rigar ulu, Pani Halina ta dafa kafaɗarsa.

Tare muka taso daga N'Djamena a shirin musayar ɗalibai. Ni na cike masa takardunsa, kuma makina ya fi nasa. Amma da aka zo rabon masauki, ni aka jefa ni ɗakin mutum uku da wani ɗan Sifen mai minshari, shi kuwa aka kai shi gidan wata mata 'yar garin, Pani Halina. Wata uku kacal har yana kiranta Mama. Ta ba shi ɗakin ɗanta Radek, ta ba shi tufafinsa. Ban taɓa tambayar ina Radek ɗin yake ba, don ba shi ne damuwata ba. Damuwata kumatun Jimet ne da suka ciko. Hassada nake yi masa, ba zan ɓoye ba, irin wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

A ƙasar kowa ya san a wannan maraice ana ajiye faranti ɗaya da kujera don baƙon da bai sanar ba, kuma ba a korarsa. Na mayar da burodin, na hau bas na ƙetare kogi zuwa gidan Pani Halina.

Benen nasu warin kabeji da soyayyen kifi yake. Jimet ne ya buɗe ƙofa.

"Isakha! Wace iska ta kwaso ka? Shigo, ɗan'uwa, kafin kunnuwanka su faɗi."

Murna yake da gaske, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Pani Halina ta dube ni, ta dubi kujerar da ba kowa, fuskarta ta ɗan sauya. Ta dai ce in zauna. Mahaifiyarta, wadda duk suke kira Kaka, tana bakin taga tana jiran tauraron farko. Da ta gan shi aka nufi teburi.

Na ga kowa ya sunkuya ya hura kujerarsa kafin ya zauna. Na ɗauka ƙura suke kaɗewa. Na zauna abina.

Kaka ta ja dogon numfashi.

Jimet ya matso da bakinsa kunnena. Ya ce a gidan nan ana hura kujera ne don waɗanda suka rasu suna zuwa cin abincin, kada a zauna musu a kai. Kuma ba mai tashi sai an tashi tare, wai wanda ya fara tashi ba zai ga bikin baɗi ba.

"Camfinsu ne," in ji shi, "amma ka kiyaye, kada ka ɓata wa Mama rai."

Sai a lokacin na lura da ɗan hoton da ke jingine bayan farantina, da baƙin zare a kusurwarsa. Saurayi ne, sanye da shuɗiyar rigar ulu. Jimet ya raɗa mini cewa Radek ne, bara ƙanƙarar kogi ta fashe da shi.

Aka kawo jar miya mai zafi a babban kwano, aka ajiye tsakanina da Jimet. Pani Halina ta zuba masa da kanta, ta gyara masa wuyan riga. Ni kuwa miƙo mini ludayin aka yi.

Ina kallonsu na ji wandona ya jiƙe.

Sanyi ne ya fara daga cinyoyina. Sai nauyi, kamar an ɗora mini buhun jiƙaƙƙen yashi. Warin kifi ya ɓace, warin taɓon kogi ya maye gurbinsa. A ƙarƙashin teburi ruwa na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Ba wanda ya ji. Cokula kawai ke ƙara.

Wani numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyata. Wata murya ta zo da Larabcinmu na gida, a hankali.

"Kai ma shi kake kallo?"

Cokali ya maƙale a hannuna.

"Rigata ce. Gadona ne. Uwata ce."

Na so in yi addu'a, harshena ya ƙi juyawa.

"Tashe shi. Ɗakin zai zama naka."

Na dubi Jimet. Yana dariya da Kaka cikin harshensu, harshen da ni har yau nake tuntuɓe a cikinsa. Kwanon miyar na dab da gwiwar hannuna, tururi na tashi.

Ba zan ce an kama mini hannu ba. Ni na tura.

Miyar ta kife a cinyarsa. Ya dafa teburi da hannu biyu. Ƙafar kujerarsa ta gogi ƙasa. Abin da ke zaune a cinyata ya fara rawar jiki, kamar mai danne dariya.

Jimet ya cije leɓe, bai tashi ba, ya juyo gare ni.

"Ba ta taɓa ka ba dai?"

Na miƙe.

Har yau ban san ko tausayi ne ko tsoro ba. Na dai san gwiwoyina sun yi ƙara kafin su ɗaga nauyin. Kujerar ta faɗi. Kaka ta rufe bakinta da hannu.

Na yi waje ba rigar sanyi. Fitilar bene ta mutu ina hawa na uku.

A bayana, takun jiƙaƙƙun ƙafafu.

Na ƙara sauri. Suka ƙara.

Ƙofar ƙasa ta ƙi buɗuwa. Yatsu masu sanyi suka zagaye wuyana.

"To, kai ɗin."

Na banka ƙofar da kafaɗa, na faɗa cikin dusar ƙanƙara. Can Jimet ya same ni, yana ɗingishi, riƙe da rigata.

Bai taɓa sanin da gangan na yi ba. Tabon ƙunar na nan a cinyarsa.

Tun daga ranar komai ya juya. Pani Halina ta sa aka kwaso kayana, ta shimfiɗa mini gado a falonta. Ta saƙa mini riga sabuwa. Kullum ni take fara zuba wa abinci, da asuba kuma nakan ji ta tsaya a kaina tana sauraron numfashina. Jimet har tsokanata yake, wai na ƙwace masa uwa. Duk abin da na yi masa hassada a kai na samu, har da ƙari.

Da karatu ya ƙare a watan Yuni ta raka mu filin jirgi. Ta ja kunnen Jimet, ta ce lallai ya dawo baɗi ko ta bi shi har Chadi. Ni kuwa ta rungume ni ta daɗe, tana kuka, tana shafa kaina. Na tsaya ina jira ta ce ni ma in dawo.

Ba ta ce ba.

Yau goma sha tara ga Disamba. Saura kwana biyar.